Hoton Ƙafar Akuya

A garin Gagarawa akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Kowa a gida Auta yake kiranta. Tana da jar akuya wadda kakarta ta ba ta. Ita ke ba ta dusa da harawa, ita ke share mata turke.

Wata rana da la'asar, Inna ta ga akuyar tana ɗingishi. Ƙafarta ta gaba ta kumbura, kuma ta ƙi cin komai.

Hankalin Baba ya tashi, domin a makon nan wata cuta ta kashe awaki a unguwarsu. Ya kira Malam Abdulganiyu, likitan dabbobi da ke Gumel.

Likita ya ce, "Yau ba zan samu zuwa ba, ina aiki a Sule Tankarkar. Ku turo mini hoton ƙafar da na bakinta in gani."

Baba ya miƙa wa Auta wayarsa. "Ke ce mai ido. Ɗauki hoton da kyau, ki tura masa. Ni zan leƙa gona."

"Baba, ai ni gwana ce a hoto," in ji Auta.

A daidai lokacin ƙawayenta suka yi sallama a ƙofar gida. Sun zo kiranta wasan 'yar gala-gala.

Auta ta ruga bayan ɗaki inda akuyar take ɗaure. Ta tsaya daga nesa, rana tana dukan fuskarta. Ta ɗaga waya da hannu ɗaya ta danna, ta sake dannawa. Ba ta ko duba ba, ta tura.

Inna ta ce, "Har kin gama? Ya fito sosai?"

"Ya fito, Inna," ta faɗa tana neman takalmi.

Bayan magariba likita ya kira. Baba ya buɗe muryar wayar, kowa yana ji.

"Alhaji, ban ga komai ba. Hoto ɗaya baƙi ƙirin. Ɗayan kuma rabinsa yatsan mutum ne, rabinsa katanga."

Baba ya dubi Auta. Ta sunkuyar da kai.

Ta ce a hankali, "Bari in sake yanzu."

"Da wane hasken?" in ji Baba. "Duhu ya riga ya yi."

Ya ɗaure akuyar nesa da sauran awakin gidan. Sannan ya ce, "Idan har gobe da yamma ba mu san ciwon ba, zan kira Manu mahauci. Ba zan bari mu rasa garken duka ba."

Auta ta kasa cin tuwo.

Washegari a makaranta ta zauna shiru. Da aka fita tara, ba ta tashi daga benci ba. Malama Ummulkhair, malamar kimiyya, ta lura da ita.

"'Yata, lafiya? Yau ban ji muryarki ba."

Auta ta fashe da kuka. Ta ba ta labarin duka, har da wasan da ya sa ta gaggawa.

Malama ta bari ta gama kuka, sannan ta ciro wayarta. "Share hawayenki. Zo mu fita waje."

Suka tsaya kusa da wata bishiyar darbejiya. Malama ta ce, "Mu ɗauka wannan ganyen shi ne ƙafar akuyarki. Nuna mini yadda kika yi jiya."

Auta ta karɓi wayar, ta ja baya, ta ɗaga ta danna. Hoton ya fito dishi-dishi.

"Fara da goge idon kyamarar da bakin hijabinki," in ji Malama. "Maiƙon hannu yana rufe shi. Yanzu ina rana take?"

"Tana gabana, Malama."

"To, zagayo ta koma bayanki. Haske kan abin da kike ɗauka ake so ya sauka, ba cikin wayar ba."

Auta ta zagayo. Nan take ganyen ya yi kore shar a fuskar wayar.

"Tako ki matso kusa da ganyen. Kada ki jawo hoton da yatsu, yana ɓata shi. Riƙe da hannu biyu, ki manne gwiwar hannunki a jikinki."

Auta ta yi haka, amma ganyen bai fito ba tukuna.

"Taɓa shi a fuskar wayar, ki ɗan jira."

Ta taɓa. Sai ga jijiyoyin ganyen ɗaya bayan ɗaya, har da wata 'yar tururuwa a kai. Auta ta yi murmushin farko a ranar.

Malama ta ce, "Saura abu ɗaya, kuma shi ne babba. Ki ɗauka da yawa, ki buɗe ki duba kafin ki tura."

Ana tashi, Auta ta nufi gida da sauri. Baba yana zaure.

"Baba, ka yi haƙuri. Jiya ban duba hoton ba, na ce wa Inna ya fito. Don Allah ka sake ba ni wayar."

Baba ya ciro wayar ya miƙa mata.

Suka fito da akuyar tsakar gida inda haske yake. Baba ya riƙe ta, Inna ta wanke ƙafar da ruwa. Auta ta durƙusa, ta goge idon kyamarar, ta ba rana baya.

Akuyar ta fizge, hoton farko ya lalace. Auta ta jira har akuyar ta natsu. Ta ɗauki kofaton ta sama da ta ƙasa. Ta ɗauki baki da hanci da ido. Ta duba su ɗaya-ɗaya, ta zaɓi masu kyau ta tura.

Suka zauna jira. Auta ba ta ɗauke ido daga wayar ba.

Can sai wayar ta yi ƙara.

"Alhaji, ku kwantar da hankalinku," in ji likita. "Baki da hanci da ido duk lafiya lau. Ba cutar nan ba ce. Na ga wani baƙin ɗigo a tsakanin kofaton. Ƙaya ce ta karye a ciki, wurin ya yi ruwa. Ina tafe da yamma."

Inna ta ce, "Alhamdulillahi."

Auta ta rungume wuyan akuyarta.

Da yamma likita ya iso a kan babur. Ya cire ƙayar, ya wanke wurin, ya yi wa akuyar allura.

Ya tambaya, "Wa ya ɗauki hotunan yau?"

"Wadda ta ɗauki na jiya," in ji Baba yana dariya.

Bayan 'yan kwanaki akuyar ta warke. Ta koma tsalle tana sace wa Inna ganyen zogale a kan tabarma.

Tun daga nan Auta ta gane cewa aikin da aka yi cikin gaggawa yana iya jawo babbar asara. Idan aka ba ta aiki, takan natsu ta yi shi da kyau, ta duba, sannan ta ce ta gama.