Kifin Kaka a Jikin Ƙofa

A gidansu kowa Zumbur yake kiranta. Kafin ka gama magana ta miƙe zumbur ta tafi. In Mama ta ce, "Je ki kanti ki sayo mini..." sai dai ta hango ƙeyarta. Can sai ta dawo tana haki, tana cewa, "Mama, me ma kika ce in sayo?"

A bayan tasha akwai wata tsohuwar makaranta, ita ce ta farko a garin. An daɗe da daina karatu a cikinta, ta zama wurin tarihi. Duk shekara in an yi dogon hutu, ana buɗe ta jama'a su zo kallo. Yara su zauna a tsofaffin bencina, a yi tseren buhu, masu balan-balan su yi ciniki.

Bana ajin su Zumbur aka ba aikin share wurin. Ita kuma aka zaɓa ta kaɗa tsohuwar ƙararrawa da safiyar taron.

Kaka ta fi kowa murna, domin a can ta yi karatu. Har sabon mayafi ta fito da shi daga akwati.

"Zo nan, 'yar nan," in ji Kaka. "Akwai wani abu nawa a makarantar da nake so ki gani. In kin shiga ajin farko, ki duba jikin..."

"To, Kaka! Sai na dawo!" Zumbur ta suri bokiti ta fice.

A harabar makarantar Malama ta tara su.

"Ku share ko'ina," in ji ta. "Ku goge bencina da tagogi. Amma..."

Ina! Zumbur ta riga ta kai ajin farko.

Ta goge benci, ta goge taga. Sai idonta ya faɗa kan ƙyauren ƙofa. Duk jikinsa layuka ne na fensir, gajeru-gajeru, wani a sama, wani a ƙasa. Kusa da kowane layi an zana ɗan wani abu: tauraro, tsuntsu, kifi.

"Kai, yaran nan da ɓarna!" in ji Zumbur. "Dubi yadda suka ɓata ƙofa."

Ta tsoma soso cikin ruwan sabulu, ta hau dirza. Aiki take da gaske, har da 'yar waƙarta. Ta share tsakiyar ƙofar fes.

"Ke! Tsaya!"

Baba mai kula da wurin ne, yana tsaye riƙe da baki. Malama na bayansa.

"Na kusa gamawa, Baba," in ji Zumbur tana murmushi.

"Yarinya, wannan ba datti ba ne," in ji Baba. "Tsayin ɗaliban farko ne. Malaminsu ne ya auna su a nan, kowa ya zana alamarsa. Wannan ƙofa mutane suka fi zuwa gani."

Soso ya suɓuce daga hannun Zumbur.

"Abin da nake shirin faɗa ke nan," in ji Malama. "Cewa na yi, amma kada kowa ya taɓa ƙofar ajin farko. Kowa ya ji, ban da ke."

"A sake zanawa mana, Malama," in ji Zumbur da ƙwalla a idonta.

Baba ya girgiza kai. "In muka zana, namu ne, ba nasu ba. Wanda ya gogu ya tafi."

Malama ta ce gobe wani ne zai kaɗa ƙararrawar safe. Ita Zumbur a bakin ƙofar za ta tsaya, ta hana mutane taɓa layukan da suka rage. Duk wanda ya tambayi abin da ya sami tsakiyar, ta faɗa masa gaskiya.

Rashin ƙararrawa bai dame ta sosai ba. Maganar Kaka ce ta tsaya mata a rai. "Ki duba jikin..." Jikin me?

Washegari harabar ta cika maƙil. Ana ta shewa wajen tseren buhu, Zumbur kuwa tana tsaye a bakin ƙofa.

"Don Allah a kalla da ido, ban da hannu," take cewa.

"Me ya sami nan wurin?" wani mutum ya tambaya.

"Ni na goge, Baba. Ban tsaya na ji ƙarshen magana ba."

Sau da yawa ta maimaita haka, kuma kowane karo sai ta ji kunya.

Can sai ga Kaka da sabon mayafinta, tana dogara sanda. Ta gyara tabarau, ta duba sama, ta duba ƙasa.

"Ina kifina?" in ji ta.

Zumbur ta fashe da kuka. "Ni ce, Kaka. Na zaci datti ne. Ki yafe mini."

Kaka ta matsa kusa da ƙofar. Ta shafa gefen wurin da yatsa, kuma kowa ya ga abin ya taɓa ta. Sai ta ja numfashi.

"Na ji zafi, ba zan ɓoye miki ba," in ji ta. "Amma na yafe. Dama kifin nan ya daɗe bai ga ruwa ba, ke kuma kika zo masa da bokiti guda."

Mutane suka kwashe da dariya, har Malama.

"Ban manta wurinsa ba," in ji Kaka. "Daidai wannan sakatar yake. Juyo, ki miƙe sosai."

Zumbur ta tsaya kusa da ƙofar. Kaka ta ɗora tafin hannu a kanta. Hannun ya yi daidai da sakatar, ba ƙari, ba ragi.

"Kun gani?" in ji Kaka. "Ga tsayina nan ya dawo, har da ƙafafu!"

Baba mai kula da wurin ya kawo sabon katako, ya jingina a bango don yaran yanzu. Ya auna Zumbur, ya ja layi. Ita ta zana kifi ɗaya, Kaka ta zana wani kusa da shi. Nan da nan yara suka yi layi, kowa yana so a auna shi.

Da yamma Malama ta kira ta.

"Kin yi gadi da kyau. Je ki kaɗa ƙararrawar tashi. Amma..."

Ƙafar Zumbur ta motsa. Sai ta dafe ta, ta tsaya cak.

"Ina jin ki, Malama. Amma me?"

Malama ta yi murmushi. "Amma ki ja a hankali, igiyar ta tsufa."

Zumbur ta ja a hankali, ƙararrawa ta yi ƙara mai daɗi, Kaka tana tafi.

Daga ranar ta koyi darasinta: a saurari magana har ƙarshe kafin a fara aiki. Sunan Zumbur dai bai bar ta ba. Amma yanzu in Mama ta ce, "Je ki kanti," sai ta tsaya ta ce, "In sayo me, Mama?"