Littattafai Bakwai a Cikin Adaka

Gwaggona Tabawa ce ta fara ba ni labarin nan.

A wani gari, can da, aka sa kyauta ga yaron da ya fi adana littattafansa. Wata yarinya ta kulle nata bakwai a adakar katako, ta ajiye a ƙasa.

Ƙanwarta ta ce, "Yaya, ara mini ɗaya."

"Ki ɓata mini? A'a."

Uwarta ta ce, "Ke, fito da su su sha rana."

"Su koɗe? A'a."

Bayan damina masu dubawa suka zo. Ta buɗe adaka, ashe gara ta cinye su. Suka ce, "Sannu, yarinya," suka wuce gidan gaba.

Washegari ta tsinci shafi ɗaya cikin ƙasar. Ta zauna ta karanta, ba farkon labari, ba ƙarshensa.