Sunan da Ya Fito Wuzqirq

Laftof ɗaya cikin leda mai hatimi. Takardu bakwai na bayanan shiga kwamfuta. Ankwa. Ruwan leda biyu. Da waɗannan kayan Insfekta Sunusi ya sauka daga motar danfo a Oko-Oba, ya ƙarasa a keke zuwa wata jami'a mai zaman kanta a gefen Agege.

Ranar Juma'a, ƙarfe biyu saura kwata, wani ya shiga akawun ɗin kwamfuta na Malama Zuwaira, jami'ar jarrabawa, ya canja makin ɗalibai goma sha ɗaya. Da laftof ɗin Nassirou aka shiga, ɗan Maraɗi mai gyaran intanet a sashen kwamfuta. Kwanansa uku a sel. Gobe za a kai shi kotu. Ya ce shi yana masallaci, laftof ɗin kuma a buɗe ya bar shi a kan tebur.

Malama Zuwaira ta rantse ba wanda ya san kalmar sirrinta. Da Insfekta ya tambaye ta yaushe ta saka ta, sai ta tuna. Ta ce ranar Alhamis akawun ɗin ya kulle, ta kira sashen kwamfuta, shugabansu Oga Shafi'i ya ba ta sabuwa ta waya. Ba ta canja ba.

Shafi'i haifaffen Agege ne, ya tarbi Insfekta da lemo mai sanyi. Ya ce lokacin da yake faɗa mata kalmar, Nassirou yana gefensa.

"Ranar Juma'a kana ina?"

"Masallaci mana, Oga. Abeg, ni fa na buga maka takardun nan da hannuna."

Insfekta ya koma teburin Nassirou ya karanta takardun layi-layi. A shafi na biyar, kafin a shiga da sunan zuwaira, sau uku an rubuta wuzqirq, na'ura ta ƙi.

Ya yage hatimin, ya kunna laftof ɗin. Ba tare da ya dubi yatsunsa ba ya buga zuwaira. Wuzqirq ne ya fito.

Sai ya duba madannan. A tana inda ya saba ganin Q, Z tana gurbin W.

Adama, injiniyar da ke kula da wayfai, ta leƙo ta yi dariya. Ta ce madannan Faransa ne, irin na makarantun Nijar. Duk ofishin ba mai iya taɓa laftof ɗin sai mai shi, wanda ido rufe yake bugawa.

"To ba shi ya buga wannan ba," in ji Insfekta. "Wayar ma'aikaci tana kama wayfai da kanta in ya shigo?"

Ta ce tana kamawa. Ta nemo jerin ranar Juma'a. Daga ɗaya da rabi zuwa biyu, waya ɗaya ce a ofishin, ta Shafi'i.

Ya ajiye takardar a gaban Shafi'i. Shafi'i ya ce mantuwa ya yi ya bar wayar. Insfekta ya nuna masa layi na gaba: ƙarfe biyu da minti biyu wayar ta bar ofis ta kama wayfai na kantin abinci.

"Wayarka ita ma tana jin yunwa?"

Shafi'i ya ture lemon gefe. Ya ce ƙanin matarsa ne zai faɗi jarrabawa a shekarar ƙarshe. Sauran goman ya taɓa su ne don a rasa na wa aka gyara.

"Me ya sa Nassirou?"

"Baƙo ne. Na ɗauka ba wanda zai tsaya tambaya."

Aka bi da shi ta gaban ma'aikata. Insfekta ya sa shi a bayan motar da ofishinsu ya turo, ya rufe ƙofar, ya kira DPO.

"Yallaɓai, a soke kotun gobe. Kafin la'asar zan zo, ni zan buɗe wa Nassirou da kaina."