Akwatin Ɗumame

Ranar da Armiya'u ya fara shiga gidan Alhaji Namadi a Kaura Namoda, ba neman aure ya kai shi ba, gyara aka kira shi. Ya yi sallama sau uku a zaure, jakar kayan aiki a kafaɗa, kafin Inna Kulsumu, uwar gidan, ta ce ya shigo madafa.

A can ya tarar da wata ƙatuwar maikirowef da aka kafe a bango saman murhun gas, irin mai fanka a ƙasa da ke zuƙe hayaƙin girki ta fitar da shi ta wani rami a bango. Babban ɗan gidan, Abdulrashid, ya aiko da ita daga Legas. Mutanen gidan ba su wahalar da harshensu ba, akwatin ɗumame suke ce mata. Alhaji kuwa ji yake da ita kamar ya goya ta, don kullum safiya ita ke ɗumama masa tuwon dawa cikin minti uku.

Gefen murhun wata budurwa ce tsaye da ludayi a hannu, Nadiya, autar gidan.

"Mi ya same ta?" Armiya'u ya tambaya.

"Tana cikin aiki sai ta ɗauke. Kuma ni ban yi mata komi ba."

"Ai ban ce kin yi ba."

"Na ga kana kallona ne."

Ya yi maza ya mayar da idonsa kan sukundireba, don gaskiya ta faɗa.

Ya zare soket, ya kwance murfin gaba, ya ce ta matsa baya. Akwai wani abu a ciki, in ji shi, kafasita, da ke riƙe wuta ko an zare soket, wanda bai sani ba in ya taɓa sai dai a bi shi da addu'a. Ya sauke wutar a hankali, sannan ya gano fis ɗin da ke katse na'urar in zafi ya yi yawa ya ƙone. Ya canza shi. Da ya zaro ragar da ke ƙarƙashin fankar, sai ga tsohon man suya yana ɗiga baƙi ƙirin.

"Wagga raga yaushe rabon da a wanke ta?"

"Ashe ana cire ta?"

Ya nuna mata yadda za ta jiƙa ta cikin ruwan zafi da sabulu kowane wata. Ya ce kada a sa kwanon ƙarfe ko langa a ciki, kuma in cikin ya yi maiƙo ta ɗora ruwa da lemun tsami a kwanon tangaran, tururin zai sassauta dattin. Bayanin da minti biyar ya ishe shi sai da ya ci rabin awa. Inna Kulsumu da ke tsintar shinkafa a ƙofa ta yi gyaran murya sau biyu.

Da zai tafi ya bar lambarsa, wai ko na'urar za ta sake ciwo.

Na'urar lafiyarta ƙalau sati uku, amma saƙo bai fasa zuwa ba.

"Injiniya, na wanke ragar. Hannuna duk ya yi jawur. Kai ka ja mani."

"Sannu, Hajiyar ɗumame. Da ina kusa da na hura maki."

"Ka riƙe iskarka, fanka gare mu."

Armiya'u mutumin Zurmi ne, a Gusau ya koyi aikin lantarki, ya buɗe ɗan shago kusa da tashar Kaura. Duk Juma'a yakan je ganin mahaifiyarsa, kuma hanyar nan kowa ya san halin da take ciki na 'yan bindiga. Ranar da ya tafi, Nadiya ba ta iya zama wuri guda. Ta share tsakar gidan da ta riga ta share, ta duba waya, ta ajiye, ta sake ɗauka. Sai ta ga "Na iso lahiya, Nadi tawa" sannan abinci yake wuce mata.

Cikin sati na huɗu akwatin ya sake ɗaukewa. Fis ɗin nan dai ya ƙone, alhali raga tas take. Armiya'u ya daɗe yana kallon ramin hayaƙin.

"Inna, ramin ga ina ya ɓulle ta waje? Ina son in duba."

"Shiyyar Alhaji ce nan. Ba mai shiga in ba ya nan, ko ni sai da dalili. Kuma yau Alhamis, yana kasuwar Shinkafi."

Baƙo dai baƙo ne, balle wanda ya fara sa rai da zama suruki. Ya canza fis, ya tafi zuciyarsa ba ta kwanta ba.

Bayan kwana goma ya tura ƙanin mahaifinsa ya gaida Alhaji, ya nemi izinin zance. Washegari da safe, kamar da gayya, akwatin ya mutu da tuwon Alhaji a ciki.

Alhaji Namadi ya ci tuwo mai sanyi, ya kira ɗiyarsa.

"Sau ukku ke nan. Ko dai yaron ga bai iya aikinai ba, ko kuwa da gangan yake barin ɓarna don ya samu hanyar shigo mani gida. Duk wadda ta zama gaskiya cikin biyun ga, ba ni ba shi ɗiyata."

"Baba, ba haka yake ba."

"Ke kinka koya mai aikin?"

Dama akwai Sha'aibu, ɗan abokin Alhaji, mai shagon kayan lantarki a Shinkafi, wanda ya daɗe yana kawo gaisuwa da kankana don neman Nadiya. Da ya ji labari sai ya ƙara gishiri. Ya ce ai halin masu gyara ke nan, su kwance maka ɗaya su sassauta biyu. Ya ce shi sabuwa dal zai kawo.

Nadiya ba ta son Sha'aibu, amma maganar ta shiga kunnenta ta ƙi fita. Da la'asar ta rubuta wa Armiya'u saƙo, ta goge, ta sake rubutawa.

"Don Allah ka gaya mani gaskiya. Da gangan kake barin ta tana lalacewa?"

Amsar ba ta zo ba sai bayan awa guda.

"Ina son ganinki, wannan ba ƙarya ba ne. Amma ban taɓa cin amanar aikina don in ga kowa ba. Ban zaci ke ma za ki tambaya ba."

Ta karanta, kunya da baƙin ciki suka rufe ta. Ta kira, bai ɗauka ba. Ranar miyar gidan ba gishiri, kuma ba wanda ya ce mata uffan.

Inna Kulsumu ce ta lallaɓi Alhaji har ya yarda a sake kiran yaron sau ɗaya, a gabansa. Ranar Asabar da hantsi Armiya'u ya zo. Ya tarar da Alhaji a madafa, wurin da rabonsa da shi an yi shekaru, Sha'aibu tsaye a bayansa, ga kuma Malam Maiwada maƙwabci da aka kira ya zama shaida.

Armiya'u ya durƙusa ya gaishe su. Bai kalli inda Nadiya take ba. Ya canza fis, ya kunna fanka, ya roƙi Inna tsinken turare guda. Da ya riƙe shi ƙarƙashin fankar, hayaƙin ya shiga, ya yi ɗan jim, ya dawo musu a fuska.

"Baba, iska ba ta hita. Zafin murhu duk cikin na'urar yake komawa. In ka yarda, a duba bayan bangon ga."

Alhaji ya wuce gaba, Armiya'u ya bi shi. Su biyu suka shiga shiyyarsa, sauran suka tsaya bakin ƙofa.

Ramin yana nan daidai saman inda Alhaji ke shimfiɗa buzunsa. An cusa masa tsumman tsohon rawani, an shafe da laka, har sawun yatsu ya bushe a jiki. Armiya'u ya dubi lakar, ya dubi buzun. Ba mai shiga nan sai mutum ɗaya.

Alhaji ma ya gane a lokacin. Wata biyu da suka wuce ƙaurin suya ya dame shi, ga ƙadangaru na leƙe ta ramin, sai ya kwaɓa ƙasa ya toshe, ya manta. Bai taɓa kawowa ramin nan da akwatin ɗumamensa abu guda ne ba. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Dattijo ne da ake kawo wa ƙara a unguwa, ga maƙwabci, ga ɗan abokinsa, ga iyalinsa duk suna jira.

"To, mi kunka gani?" Sha'aibu ya ɗaga murya daga ƙofa.

Kalma uku sun isa su wanke Armiya'u. Ya ji su a bakinsa. Ya sa sukundireba ya ɓantare lakar, ya dunƙule tsumman ya tura can ƙasan jakarsa.

"Ramin ne ya toshe," ya ce. "Tun zuwan farko ya kamata in duba shi, ban duba ba. Laihina ne."

Sha'aibu ya yi dariya. "Kun ji da bakinai."

Armiya'u ya ɗaura 'yar ragar waya a bakin ramin don hana ƙadangare, ya gwada fanka, hayaƙi ya fita sumul. Ya yi sallama ya tafi. Nadiya ta bi bayansa da kallo ta taga, hawaye na zuba, don a ganinta ya yanke igiyar neman aurenta da hannunsa.

Akwatin bai sake ɗaukewa ba. Alhaji ne ya ɗauke. Tuwo ya zo masa da zafi, ya tsakura ya ture. Ya zauna kan buzu, ya ɗaga kai ya ga ragar wayar, ya tashi ya koma zaure. A zaure ya ji yara na cewa mai gyaran tasha bai iya aiki ba, ya dawo ciki. Kwana biyar yana wannan safa da marwa, har Inna ta fara tambaya ko a kira mai duba jini.

Rana ta shida ya kira Inna da Nadiya, ya zaunar da su.

"Ni na toshe ramin nan. Da hannuna. Yaron ga ya gani, ya ɗauki kayana ya aza bisa kainai." Ya share fuska da hannun riga. "Ina jin kunya, Kulsumu. Na kira shi maha'inci, shi kuwa ya ruhwa mani asiri."

Nadiya ta tashi da gudu ta ɗauko waya, ta rubuta wa Armiya'u.

"Baba ya faɗa mana komi. Ka yafe mani tambayar da na yi maka. Me ya sa ba ka ce komi ba?"

Wannan karon amsar ba ta yi minti ɗaya ba.

"Mahaifinki ne, Nadi tawa. In na same ki ta hanyar kunyata shi, da wane ido zan riƙa gaishe shi?"

Sha'aibu ya kawo sabuwar na'urarsa a bayan mota, aka yi masa godiya, aka ce ta gida lafiyarta lau. Ya koma da ita Shinkafi, kankana ma ta daina zuwa.

Bayan ƙaramar Sallah aka sa rana. Ranar ɗaurin aure mutanen Zurmi suka zo mota biyu, suka iso lafiya, aka yi hamdala. An cika a ƙofar gida, liman na shirin farawa, sai Alhaji Namadi ya ɗaga hannu. Ba a saba uban amarya ya yi magana a wurin ba, don haka kowa ya juyo gare shi.

"Jama'a, kahin a ɗaura, akwai kayan da zan sauke. An ce yaron ga bai iya aiki ba, kuma daga gidana maganar ta hita. Ƙarya ce. Ni na yi ɓarnar, shi ya amsa sunanta gaban mutane don kada in ji kunya. Maiwada, kana nan ranar, ka shaida. Wanda ya riƙe mutuncina haka, ban jin tsoron ba shi ɗiyata."

Armiya'u ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan sabuwar shaddarsa. Can cikin gida wata ta kai wa Nadiya labari, amarya ta rufe fuska da mayafi tana kuka tana dariya, ƙawaye na tsokanarta.

Liman ya ɗaura aure, aka shafa fatiha. Alhaji ya miƙo hannu ya dafa kan surukinsa.

"Allah shi yi maku albarka, shi ba ku zaman lahiya da zuri'a ɗayyiba. Yadda ka ruhwa mani asiri, Allah shi ruhwa maka naka, duniya da lahira."

Duk ƙofar gidan ta amsa da amin.