Tukunyar da Aka Buɗe Lokacin Coci

Ranar Litinin da hantsi rahoto ya iso ofishin 'yan sanda na Wara. Philip, mai rubuta manhajar kwamfuta da ya dawo gida daga Kaduna, ya mutu bayan ya kurɓi burukutun da ya dafa da hannunsa.

Insfekta Jalaluddeen dama ba mai fara'a ba ne, warin tsami kuwa ya ƙara ɓata masa rai. Da ya isa gidan, ya tarar an sa wata tsohuwa a tsakiya ana ta zagi. Marta ce, gwaggon da ta reni Philip, ita ta koya masa dahuwar.

"Ita ta kashe shi, a ɗaure ta," in ji James, ɗan baffan mamacin, yana kumfar baki.

"Rufe mini baki ko in fara da kai." Insfekta ya juya ga Marta. "Ke, wa da wa suka sha?"

"Shi kaɗai, ranka ya daɗe. A wurinmu wanda ya dafa shi ke fara kurɓa kafin ya ba kowa."

Insfekta ya sunsuna tukunyar, ya kau da kai. Warin maganin nan ne da masunta marasa imani ke zubawa a ruwa. A jikin murfin kuma ga wata 'yar na'ura da waya.

A ɗakin Philip ya ga ragowar farfesun kifi, da littattafai cike da kalmomin Kambarci da Fulatanci. Kwamfuta ce babu.

"Tarkacen mene ne wannan a murfi?" ya tambayi Lydia, ƙanwar mamacin.

"Zafin tukunya take aunawa. Duk abin da ta gani tana aikawa bulokcen."

"Yi mini Hausa, ba boko na zo sha ba."

"Rajista ce mai kwafi a dubban kwamfutoci, ba mai iya gogewa. Can Philip yake ajiye muryoyin tsofaffinmu ma, suna faɗin iyakokin gonaki da yarenmu."

Ta miƙa masa wayarta. An buɗe murfin ranar Lahadi ƙarfe goma da minti arba'in. A lokacin Marta na gaban coci tana jan waƙar zumuntar mata, Philip na ɗaukarta a waya.

"Kai kana ina?" ya tambayi James.

"Coci mana. Ni ke kaɗa ganga."

"Ƙarya yake," in ji Lydia. "Jiya da tafi muka yi waƙa, babu mai ganga."

Insfekta ya bi sawun maganin masuntan, ya nufi bakin tafki. Kabiru mai kwalekwale ya fara noƙe-noƙe, sai da ya ga ankwa bakinsa ya buɗe.

"Yau da sassafe James ya ce in kai shi tsakiyar ruwa. Wata baƙar jaka ya jefa, wai mushen kare ne."

"Kare mai zif?"

Kabiru ya sunkuyar da kai.

A ofis James ya zauna yana karkaɗa ƙafa, har da murmushi. Mutumin banza, ya ɗauka komai ya nutse.

"Gonar gindin kuka da aka ce kuna rigima da Philip a kanta, ta wa ce?" in ji Insfekta.

"Ta ubana ce. Wanda ya ce ba haka ba ya kawo shaida."

Insfekta ya yi wa Lydia alama, ta danna waya. Muryar wani tsoho ta cika ɗakin, yana magana da Kambarci yana tari. Mahaifin James ne, wanda aka binne bara. Lydia na kuka tana fassarawa: gonar ta uban Philip ce, aro aka ba shi.

Ƙafar James ta tsaya cak.

"Ai na jefa kwamfutar a ruwa," ya ce a hankali. "Da hannuna na jefa."

"Ƙarfe ka jefa, sakarai. Maganin fa?"

"Ni na zuba. Philip zai kunna wa dattawa muryar ranar Laraba. Na san shi zai fara sha."

Aka sa masa ankwa. A bakin ƙofa Marta ta tare su, ba ta zage shi ba.

"Philip ya ce mini in ya kunna muryar, zai bar maka rabin gonar," ta ce. "Burukutun nan na sulhunku ya dafa."

Wani kofur ya tura ƙeyar James zuwa sel.