Hannun da Ke Allunan Kantin Kwari

Ran Juma'ar kasuwar Wudil Lubabatu ta fara ganin Haladu, yana zana ɗawisu a jikin wata sabuwar motar shanu. Ya sayi fura, ta miƙa masa da hannu a naɗe cikin gyale, don tana da cindo, kuma tun tana ƙarama take kunyar a ga yatsan nan na shida. Daga nan kuwa ƙafarsa ta saba da ƙofar gidansu.

Mahaifinta bai so ba. "Mai fenti? Ga Isyaku akawu, ya ci ƙarin albashin Udoji har ya sayi babur?"

Isyakun ne ya zuba mata gishirin. "Je ki Kantin Kwari ki gani. Duk allon da ya zana wa 'yan kasuwa, hannun mace ɗaya ne a jiki. Yana da wata a Kano."

Maganar ta tsaya mata a rai. Da Haladu ya zo zance ya ce, "Luba tawa," sai ta kau da kai.

"Hannun wa kake zanawa?"

Ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ai kuwa ta ce ta kama shi.

Ta matsa wa Gwaggo Hansai sai da suka shiga Kano. Titi ya cika maƙil: atamfa da leshi na reto daga benaye, 'yan dako na ihun a ba su hanya, sababbin motoci na ta ham, rediyo na tashi a kowane kanti. Ita dai sama take kallo. Ga hannun nan da jan lalle, nan riƙe da shadda, can riƙe da almakashi. Kishi ya shaƙe ta.

Wani mai kanti ya ga sun tsaya, ya ce, "Ku ma kun lura? Yaron gwani ne, amma kullum sai ya ƙara yatsa. Na ce ya goge, wai sai dai in sauke allon."

Lubabatu ta ƙara dubawa. Ta zaro hannunta daga gyale a tsakiyar titi, hawaye na zuba.

Gwaggo ta ce, "Bar ni da ubanki. Ƙanena ne."

Bayan sallar layya aka ɗaura aure, mahaifinta ya sa albarka da bakinsa. Ranar kamu, amarya ta miƙa wa mai lalle hannu a buɗe, ta ce, "Har na shidan." Allah Ya ba su zaman lafiya.