Tela Ba Ya Ganin Huji Ya Ƙyale

A lokacin muna zaune a bene hawa na biyu, ni da ɗana tela da 'yarsa mai aikin nas. A ƙasanmu akwai wani saurayi mai sayar da shuke-shuke a tukwane. Gwiwoyina ba sa son matakala, don haka taga ce talabijin ɗina.

Ta nan na ga farkon abin. Jikata ta dawo daga asibiti, gyalenta ya fizgo wata 'yar tukunya, tukunyar ta faɗi. Kunya ta sa ta ce za ta saya.

"Sunanta monstera," in ji shi. "Kada ki ba ta ruwa kullum. Ki tura yatsa cikin ƙasar, sai kin ji ta bushe gaɓa biyu. Ki ajiye ta kusa da taga, tana son haske amma ba ta son rana ta dake ta."

"Ni da nake kula da mutum talatin a ɗaki ɗaya, ganye ne zai gagare ni?"

Sati biyu ganyen ya koma rawaya, don safe da yamma take ɗura mata ruwa kamar mai zazzaɓi. Ta sauka tambaya. Shuka ta warke, amma sauka ba ta ƙare ba.

Ni ko alif ban sani ba, saboda haka ita ke karanta mini saƙonnin da saurayin ke turo mata a waya, tana tsallake wasu wuraren, wai ban lura ba. Wannan dai ta karanta shi duka:

"Likitata, yanzu ganyenta a rufe yake kamar tafin hannu, don yarinya ce. In ta ji daɗin hannunki za ta fitar da ganye mai huji da tsaga. Kafin nan na gyara shagona. Ranar da kika ga na farko ki turo mini hoto, washegari manyana suna gaban Baba."

Ta rubuta masa: "Malam Ganye, Allah ya sa ta huje gobe."

Uban bai san da wannan alkawari ba, amma ya san da saukar, kuma bai so ba.

"Inna, mutumin da ke sayar da abin da akuya ke ci kyauta?"

Shi ɗan abokinsa yake so, mai mota, wanda ya zo mata da furen roba. Kyakkyawa, ba ƙamshi ba motsi, kamar mai shi.

Shekara ta wuce, har da rabi. Sabon ganye ya fito a nannaɗe kamar tabarma, ta tafi aikin safe tana murna, ta dawo babu shi. Ta ɗauka bushewa ya yi aka share. Haka har sau uku. Saurayin kuma yana ƙasa, ba hoto, sai mota a ƙofar gida. Sai ya rubuto mata:

"Na ga motar. In hoton ba zai zo ba ki faɗa mini, ba zan tsaya miki a hanya ba."

Ta mayar masa: "Kai dai ka ba ni wadda ba ta huji don kada ka zo. Na gode."

Daga nan waya ta yi shiru. Uban ya ce mutanen mai mota su zo ranar Asabar, ita kuma ta ce to, irin to ɗin da bai kai ciki ba.

Ranar Alhamis da safe na fito daga ɗaki, sai ga ɗana durƙushe gaban tukunya da almakashinsa, ganye a hannu.

"Kai, me kake yi?"

"Yi a hankali, Inna. Tsutsa ce ke huda mata ganye. In ta gani za ta yi kuka, shi ya sa nake cirewa daga gindi kafin ta dawo."

Na dube shi, ƙato da furfura. Da ganye na ɗinkuwa, da tuni ya yi masa faci.

Na karɓe ganyen da almakashin. Matakala ashirin da biyu na sauka, kowace sai na ambaci Allah, na shimfiɗa shi a teburin saurayin. Ya sa yatsa cikin hujin.

"Kaka, yaushe ya fito?"

"Na huɗu ke nan. Surukinka tela ne, ba ya ganin huji ya ƙyale. Ka tashi ka nemi manyanka, ko ni in aure ka."

Da jikata ta dawo na bayyana komai a gaban uban. Ta yi dariya har ta koma kuka. Uban ya kalli tukunyar, sannan ya ce, "Wanda ya jira ganye shekara da rabi, zai iya haƙuri da ke."

Ranar Juma'a manyan suka zo. Mai mota aka ba shi haƙuri, aka haɗa masa da furensa, ko ƙura bai yi ba.

Yau shekara tara da auren. Mun bar benen nan, tagata ma an ce an toshe ta. Shukar tana falonsu, ta kai silin, 'ya'yansu biyu suna leƙena ta cikin hujin. Duk Asabar ɗana yana zuwa da jiƙaƙƙen tsumma ya goge ganyen ɗaya bayan ɗaya. Allah ya ƙara musu zaman lafiya, ya raya abin da suka shuka.

Almakashin dai har yanzu yana ƙarƙashin filona.